Ruwan da Ya Halatta ga Alwala, Shin Ya Halatta ga Ciki? Bayani a kan Gwajin Ruwan Mashaya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da ruwa daga sama Ya raya ƙasa da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai tambayar da take yawan dawowa a zauren karatu duk lokacin da damina ta faɗi, ko aka ji kwalara ta ɓulla a wani gari. Masu tambayar suna cewa: mun karanta a Ishmawi da Risala cewa ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canja ba. To in haka ne, da wace hujja jami'in lafiya zai zo bakin bahar da 'yar kwalba, ya ɗebi ruwa ya tafi, kashegari ya dawo ya ce kada a sha, kada yara su yi wanka? Ya fi malaman fiƙihu sanin ruwa ne?

Tambaya ce mai kyau, kuma mun san ba don raini ake yin ta ba. Amsarta a taƙaice ita ce, malamin fiƙihu da jami'in lafiya ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Malami yana gaya maka ko sallarka ta inganta da wannan ruwa. Jami'in lafiya yana gaya maka ko ruwan zai kwantar da ɗanka. Ruwa guda yana iya wucewa a wurin na farko, ya faɗi a wurin na biyu. Bari mu bi maganar daki-daki.

Abin da fiƙihu ya ce a kan ruwa

A mazhabar Imamu Malik, wadda kakanninmu suka zo da ita daga ƙasar Hausa kuma suka tarar da ita a nan Sudan, ruwa kashi uku ne. Akwai ruwa mutlaƙi, mai tsarki mai tsarkakewa, kamar ruwan sama da na kogi da na rijiya. Akwai wanda wani abu mai tsarki ya canja shi, kamar nono ko karkade. Wannan ana amfani da shi a al'ada, ba a ibada da shi. Sai na uku, wanda najasa ta canja masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi. Wannan ba a ibada da shi, ba a sha, ba a girki.

Ku lura da ma'aunin: ido ne da harshe da hanci. Wannan rahama ce daga Allah. Shari'a ta ɗora tsarki a kan abin da makiyayi a daji da tsohuwa a ƙauye za su iya ganewa ba tare da na'ura ba, don kada salla ta yi wa kowa wuya. Shi ya sa jan ruwan damina, wanda bahar yake kwasowa daga duwatsun Habasha har ka kasa ganin tafin hannunka a ciki, alwala da shi ta inganta. Ƙasa ce ta canja shi, kuma malamai sun ce canjin da ya zo daga mazaunin ruwa ko magudanarsa ba ya ɓata masa tsarki.

Sai dai tsarki a fiƙihu ba ya nufin abu ba ya cutarwa. Zaƙami tsiro ne mai tsarki. In ka yi salla da ganyensa a aljihu, sallarka ta yi. In ka jiƙa ka sha kuwa, ka aikata haram, don yana gusar da hankali, yana ma iya kisa. Haka kashin saniya da na tunkiya: a mazhabarmu mai tsarki ne tunda ana cin namansu, matuƙar ba najasa suke ci ba. Amma likitoci sun tabbatar kashin shanu yana ɗauke da ƙwayoyin da suke sa mutum gudawa.

Malamanmu ma sun san akwai abin da ya wuce ido. Ibnu Abi Zaid a Risala ya tsananta a kan ruwa kaɗan, ya ce najasa kaɗan tana ɓata shi ko da bai canja ba, ko da yake abin da ya shahara a mazhaba shi ne karhanci in akwai wani ruwan. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana, ya kuma lissafa yin bahaya a mashayar jama'a cikin abubuwan da suke jawo wa mutum la'ana. Ai fitsarin mutum ɗaya ba zai canja launin tafki ba, amma duk da haka aka hana, saboda mutanen da za su sha bayansa.

Abin da ido ba ya gani

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sha'anin ƙwayoyin cuta kam, ido bai san kima ba. Ƙwayar kwalara ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai an jera ɗaruruwanta kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Kofi cike da ruwa garau, mai sanyi, mai daɗi, yana iya ɗaukar adadin da zai kayar da ƙato.

Ba da daɗewa ba ne mutane suka gane haka. A shekarar 1854 kwalara ta yi ta kashe mutane a wata unguwa ta Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya gano yawancinsu famfon rijiya guda suke sha, famfon da mutanen unguwar suke yabon daɗin ruwansa. Hukumar unguwar ta cire hannun famfon. A 1883 Bajamushe Robert Koch ya zo Iskandariyya ta Masar yana neman tushen cutar, daga nan ya wuce Kalkata ta Indiya, inda a 1884 ya ga ƙwayar a hanjin marasa lafiya, ya kuma same ta a cikin wani tafki da mutane suke sha, suke wanka, suke wanke tufafin majinyata a ciki. Wanda ya san mashayunmu ya san wannan siffa ba baƙuwa ba ce.

Ƙasarmu ba ta makara a wannan ilimi ba. Tun 1903 aka buɗe ɗakin binciken cututtuka na Wellcome a Kwalejin Gordon da ke Khartum, a 1907 kuma aka ɗora wani ɗakin gwajin a kan jirgin ruwa yana bin Nilu. Babban ɗakin gwaje-gwajen lafiya na ƙasa, wanda mutane suke kira Istak, gadon wannan aiki ne.

Yadda ake gwajin

Mai gwaji ba ya neman kowace cuta da sunanta, don cututtukan ruwa suna da yawa, kuma neman kowace ɗaya yana cin kuɗi da lokaci. Shaida guda yake nema: shin kashin mutum ko na dabba ya shiga ruwan nan? Shaidar ita ce wata ƙwaya da ake kira E. coli, wadda likita Theodor Escherich ya bayyana a 1885. Mazauninta hanjin mutum ne da na dabbobi. Yawancin irinta ba sa cutarwa, amma duk inda aka same ta a ruwa an san bahaya ya bi ta wurin, kuma ta hanyar da ta shigo kwalara da taifot da atini suke shigowa. Kamar mafarauci ne da ya ga sawu: bai ga kura ba, amma ya san ta ratsa.

Ana ɗibar mililita 100, wato kusan ƙaramin kofin shayi, a kwalbar da aka kashe duk ƙwayoyin da ke cikinta. Ana nutsa kwalbar ƙasa da fuskar ruwa, a rufe, a sa cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin 'yan sa'o'i. A can sai a tace ruwan ta wata 'yar takarda mai ƙofofin da ƙwayar ba ta iya ratsawa, a ɗora takardar a kan abincin ƙwayoyin, a ajiye a zafin digiri 44 na kimanin sa'a 18 zuwa 24. Kowace ƙwaya rayayya sai ta hayayyafa har ta zama ɗigon da ido yake gani. Sai a ƙirga ɗigon. Akwai akwatunan gwaji na tafi-da-gidanka da suke aiki da batir, ana iya yin wannan aiki da su a ƙauye.

Ga ruwan sha, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko ƙwaya ɗaya a mililita 100. Ga ruwan wanka akwai sassauci, don mai iyo ba ya haɗiyar abin da mai sha yake haɗiya.

Akwai abu guda da ya kamata kowa ya riƙe: sakamakon da aka karanta yau na ruwan jiya ne. Kogi kuwa ba ya jira. Shi ya sa gwaji sau ɗaya ba ya wadatarwa, sai an maimaita an tara sakamakon wata da watanni kafin a san halin kowace mashaya. Shi ya sa kuma masana suke cewa a nisanci wanka a kogi kwana ɗaya zuwa biyu bayan ruwan sama mai ƙarfi, ko an yi gwaji ko ba a yi ba, don a lokacin ne kwari da rafuka suke wanko bahayan bayan gari da na garke su zuba a bahar.

Yadda wasu ƙasashe suka mayar da shi doka

Ƙasashen Tarayyar Turai suna da doka a kan ruwan wanka tun 1976, suka sabunta ta a 2006. Dokar ta wajabta wa kowace ƙasa ta lissafa wuraren da jama'a suke iyo, ta ɗebi samfuri kafin lokacin iyo ya kama, sannan kada a wuce wata guda ba a sake ɗiba ba. Ana haɗa sakamakon shekara huɗu a ba wuri daraja. A koguna da tafkuna, wurin da bai wuce ƙwayar E. coli 500 a mililita 100 ba shi ne mai daraja ta ɗaya, wanda bai wuce 1,000 ba shi ne mai kyau. Dole ne a kafa allo a bakin ruwa mai nuna darajar wurin, kuma wurin da ya faɗi shekara biyar a jere sai a hana wanka a cikinsa ko a kafa gargaɗi na dindindin.

Amurka ta yi tata dokar a shekarar 2000, wadda ta ba jihohi kuɗi don su riƙa gwada ruwan gaɓar teku da manyan tafkuna, su kuma sanar da jama'a in ya ɓaci. Ma'aunin da hukumar muhallinsu ta bayar ga ruwan daɗi shi ne matsakaicin 126 a mililita 100.

A Faransa an hana iyo a kogin Sen da ya ratsa birnin Faris tun 1923. Gwamnati ta kashe kimanin Yuro biliyan 1.4 wajen gyara magudanan ƙazanta, amma duk da haka a gasar Olamfik ta 2024 sai da aka ɗage wata tsere da kwana guda, don an yi ruwan sama kuma gwaji ya nuna ƙwayoyin sun haura ƙa'ida. Sai a watan Yuli 2025 aka buɗe wa jama'a kogin. Abin lura a nan shi ne, duniya duka tana kallo, kuɗi masu yawa suna kan layi, amma maganar 'yar kwalbar nan aka bi.

Duk waɗannan dokoki a kan abu uku suka tsaya: a riƙa gwaji a kan lokaci, a gaya wa mutane sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba, a rufe wurin da ya ɓaci har sai ya gyaru.

Halin mashayunmu

Su can wasa da hutu suke zuwa yi bakin ruwa. Mu nan, daga Rusairis da Damazin zuwa Wad an-Nayyal da Abu Hujar da Sinja da Suki, har Mai Wurno da Sinnar, mashaya, wadda muke ce wa mushra, ita ce komai. A wuri guda mai karo yake cika durom ɗinsa, mata suke wanki, yara suke iyo, masunta suke fiɗar kifi, makiyayi yake shayar da garke, mai noman jarfi yake alwala. Kowane gari yana shan abin da garin da ke samansa ya zubar. Don haka ma'aunin da ya dace da mashayarmu ya fi na Turai tsanani, tunda ruwan da yaro ya yi iyo a ciki da hantsi shi ne a randa da la'asar.

Mun ga sakamakon da idonmu. Annobar da ta fara a watan Agusta 2016, wadda a lokacin aka kira ta gudawar ruwa, ta kama sama da mutum 36,000 a faɗin ƙasa kafin ta lafa a 2018, sama da 800 suka rasu. A Satumba 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta bayyana ɓullar kwalara a wilayar Nilul Azrak, ta gangaro wilayar Sinnar, har aka shirya rigakafin baki ga mutum kimanin miliyan 1.6 a wilayoyin biyu. Bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, wanda ya shigo Sinja kanta daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba 2024, an sake bayyana annobar a Agusta 2024, kuma kafin shekara ta zagayo waɗanda suka kamu sun kusa 100,000.

Abin da ya faru a Kosti ya isa darasi. A Fabrairu 2025 aka kai hari tashar lantarki ta Um Dabakir kusa da Rabak. Wuta ta ɗauke, injinan ruwa suka tsaya, mutane suka koma sayen ruwan da masu karo suke ɗebowa kai tsaye daga Nilul Abyad. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da rahoton cewa daga 20 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris an karɓi majinyata sama da 2,700, mutum 92 suka rasu. Cikin matakan da hukumomin wurin suka ɗauka har da hana ɗibar ruwa daga kogin da ƙara kulorin a ruwan famfo. Wancan ruwan, a hukuncin fiƙihu, mutlaƙi ne. Duk wanda ya yi alwala da shi sallarsa ta inganta. Shi ne kuma ya cika asibiti.

Aikin hukuma ne tun da can

Wani zai ce, to me ya sa sai hukuma? Saboda babu magidancin da zai iya sayen akwatin gwaji, kuma ko ya gwada ba shi da ikon hana maƙwabcinsa kora shanu cikin ruwa. Abin da mutum ɗaya ba zai iya kare kansa daga gare shi ba, nauyinsa yana kan mai mulki. Ƙa'idar malaman usulu ce cewa ana kawar da cuta, kuma tasarrufin shugaba a kan talakawansa a ɗaure yake da maslaharsu.

Wannan ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo. A littattafan hisba, kula da ruwan gari yana cikin aikin muhtasibi. Ibnu Abdun, wanda ya rubuta a kan hisbar birnin Ishbiliya ta Andalus a farkon ƙarni na 12 na Miladiyya, ya nemi a keɓe wa 'yan ga-ruwa wurin ɗiba, a hana wanki kusa da shi, a hana zuba shara a gaɓar kogi. Ibnul Ukhuwwa na Masar, wanda ya rasu a 1329, ya ce a umarci masu ɗibar ruwan Nilu su shiga ciki sosai su nisanci wuraren ƙazanta. Daular Sakkwato ma, wadda daga cikinta Sarkin Musulmi Attahiru ya fito hijira har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garinsa a bakin wannan kogi, tana da muƙamin muhtasibi. Jami'in lafiya na mahaliyya, wanda a ƙasar Hausa ake kira duba-gari, wannan aikin ya gada. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yana da kwalba da na'ura, muhtasibi kuwa ido da hanci kaɗai gare shi.

A dokar ƙasa ma akwai madogara. Dokar Lafiyar Muhalli ta 1975, wadda aka sabunta a 2009, ta hana zuba ƙazanta a wuraren da jama'a suke samun ruwan sha, kuma Hukumar Ma'auni ta Sudan tana da ƙa'idar ruwan sha. Abin da muke roƙon masu iko, cikin ladabi, shi ne a kai wannan ƙa'ida har bakin mashaya. A lissafa mashayun kowace mahaliyya. A riƙa ɗibar samfuri a kai a kai, a ƙara yawansa da damina. A kafa sakamakon a wurin da Larabci, a aiko wa masallatai mu karanta da Hausa bayan sallar Juma'a. A raba mashaya bisa gudun ruwa: masu ɗibar na sha a sama, sai masu wanka, sai masu wanki, dabbobi a can ƙasa. In kuma an rufe wuri, to a kawo madadinsa, ko tankar ruwa ko wurin da mai karo zai tsaya a zuba masa kulorin a durom. Hani ba tare da madadi ba, ƙishirwa ce za ta karya shi kafin magariba, kuma mai karo shi ma yana da bakin da yake ciyarwa.

Abin da gwajin ba ya kamawa

Kada wani ya ji an ce mashaya ta ci gwaji ya ɗauka an gama. Tsargiya, wato fitsarin jini, ba ƙwayar bakteriya ce take kawo ta ba. Wata tsutsa ce, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, shi ya sa a nan ake ce mata bilharsiya. Ƙwanta yana fita ta fitsari ko bahayan mai ciwon, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin ƙananan katantanwa, daga nan ya fito ya huda fatar mai wanka. Ba sai an sha ba. Ta fi son ruwa mai kwanciya da ciyawa, irin na tur'a da Abu Ishirin. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe magudanan Jazira cutar ta sami gida, har a 1979 aka kafa Shirin Lafiya na Nilul Azrak don yaƙi da ita da maleriya da gudawa, ya yi kimanin shekara 10 yana aiki.

Yaron da yake fitsarin jini ba girma ne ya zo masa ba, kamar yadda wasu suke ɗauka. Ciwo ne, yana da magani a asibiti, kuma in aka bar shi yana lalata mafitsara. Ruwan tur'a in aka ɗebo aka ajiye shi kwana biyu, tsutsar tana mutuwa, sai a yi wanka da shi a gida.

Mas'aloli uku

Ta farko: ruwan da aka sa wa kulorin har ana jin ƙanshinsa, ana alwala da shi? E, ana yi. Abin da ake sawa kaɗan ne ƙwarai, kimanin rabin miligiram ne ya kamata ya rage a lita guda bayan minti 30, kuma don gyaran ruwan aka sa. Malaman mazhaba sun yafe ƙanshin ƙaɗiran, man itacen nan mai ƙarfin wari da ake shafa wa salkar matafiyi, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shehu Khalil. Malaman wannan zamani a kan inganci suka tafi. Kada wani ya zubar da ruwan da aka gyara ya tafi kogi da sunan neman tsarki.

Ta biyu: in ana cikin annoba kuma ruwan kogi kaɗai ke akwai fa? A fara da gyara shi: a bar shi ya kwanta, a tace, a tafasa ko a sa ƙwayar kulorin. In hakan ya gagara, ku tuna kurkurar baki da shaƙa ruwa sunna ne a mazhabarmu, barinsu ba ya ɓata alwala, kuma ta nan ne ruwa yake shiga ciki. Wanda kuma ya ji tsoron kamuwa da ciwo in ya yi amfani da ruwan, bisa abin da aka jarraba ko bisa faɗar likita masani, an yardar masa ya yi taimama.

Ta uku: ai komai ƙaddara ce. Gaskiya ne. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka a can, sai ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Babu cikinmu wanda ya kai Umar tawakkali.

Abin da ke kanmu

In hukuma ta rufe mashaya saboda gwaji, bin wannan umarni wajibi ne, don umarni ne a kan abin da yake maslaha. Wanda ya saɓa a ɓoye ya sayar wa mutane ruwan wurin, alhakin duk wanda ya kwanta yana wuyansa.

Mu fara da masallatanmu. Randunan sabil da ke ƙofar masallaci a rufe su, a riƙa wanke su, a sa moɗa mai dogon hannu don kada yatsu su taɓa ruwan. Ai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da rufe ƙwarya da ɗaure bakin salka. Durom ɗin alwala a sa masa kulorin kamar na sha. Malaman khalwa su haƙa wa almajirai masai, su hana su zagayawa bakin ruwa, kuma masai ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30.

Iyayenmu mata sun daɗe suna kwantar da jan ruwa da alif ko da dakakken ƙwallon zogale, har Larabawan nan suke kiran zogale itacen rawwaƙ. Wata mai bincike, Samia al-Azhariya Jahn, ta yi shekaru tana nazarin wannan hikima a ƙauyukan Sudan, aka kuma tabbatar tana aiki: laka tana kwanciya, ta tafi da ƙwayoyi masu yawa. Amma ba ta tafiya da duka. Don haka zogale matakin farko ne, tafasawa ko kulorin shi ne na biyu, kuma kulorin ya fi aiki a ruwan da ya riga ya kwanta.

In wani ya kamu da amai da gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana tafiya asibiti. Kada a kai tufafinsa ko shimfiɗarsa mashaya. In Allah Ya karɓi abinsa, masu wanka su zama kaɗan, su bi bayanin ma'aikatan lafiya, a haƙa rami a zuba ruwan wankan, kuma wanda ya wanke gawa kada ya sa hannu a abincin masu ta'aziyya.

Kwamitin kowane masallaci da ke kusa da bahar ya zaɓi mutum biyu da za su riƙa zuwa ofishin lafiya na mahaliyya suna tambayar yaushe aka gwada mashayarsu, me aka samu. Tambaya cikin mutunci, in ta yawaita, tana sa a tuna da wuri. Duk sakamakon da ya iso mu, za mu buga shi a wannan takarda, in Allah Ya so.

Allah Ya shayar da mu ruwa mai albarka, Ya kare yaranmu daga annoba, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya dawo wa ƙasarmu da zaman lafiya. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.